Waƙar Bayan Katanga

Gwarzo, 9 ga Agusta

Yaya Zainu,

"Ke da kika yi jami'a, faɗa mini, wannan wane yare ne ɗan'uwanki yake sa Turawa suna kuka da shi?"

Da wannan Baffa Lukuman ya tare ni ranar Juma'a, ko takalmi ban gama cirewa a bakin zaure ba. Ya miƙo mini wayarsa da 'yan yatsu biyu, kamar wanda ya tsamo ƙadangare daga cikin randa. Af, ka ga ban ma gaishe ka ba. Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin ƙasar mutane? Mu nan lafiya lau. Damina ta yi albarka, gero ya fitar da kai, hanyar Kabo kuwa ta koma yadda ka san ta.

Ga abin da ya faru. Wani ɗan ƙauyenmu da ke karatu a can wajenku ya ci karo da bidiyon waƙarka, ya ga sunanka a ƙasa har da na ƙauyen namu, Masanawa, daɗi ya kama shi, ya tura wa 'yan'uwa. Kafin la'asar ta zaga gari. Mutum kusan ashirin cikin baƙaƙen kaya, maza da mata, a tsaye cikin wani gini mai dogayen tagogi masu launi. Ba ganga, ba garaya, ba komai sai baki. Kai kuma ga ka nan a gabansu ka ba mu ƙeya, kana ta kaɗa hannu kamar mai korar tsuntsaye a gona. Ka san Baffa dagaci ne, duk abin da aka faɗa a ƙofar masallaci a kan rawaninsa yake sauka.

Na ce masa Latin ne. Ya ce, "Na coci?" Na ce ni dai a ajin ilimin tsirrai na san shi, da shi muke kiran sunan kuka da ɗorawa idan muna son a san mun yi karatu. Ya ce, "To ɗorawar suke yi wa waƙa?" Na ce ban sani ba, Baffa. Kuma gaskiya na faɗa. Shekara nawa kana turo mini dogayen wasiƙu ta imel, kana ba ni labarin ruwan sama da tsadar barkono, amma ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa injiniyan da muka tura ya koma mawaƙi ba.

Da na dawo Gwarzo na saurare ta ni kaɗai, bayan an tashi 'yan makaranta, a ɗakin gwaje-gwajenmu inda babu kowa sai ni da kwalaben da ba komai a cikinsu. Da niyyar in yi maka dariya na kunna. Muryar maza ta fara daga can ƙasa, kamar hadari yana haɗuwa a bayan garin Getso, ba ka gan shi ba tukuna amma ƙirjinka ya sani. Sai mata suka hau kai ɗaya bayan ɗaya, wannan ba ta dire ba waccan ta ɗauka, har na kasa gane inda numfashin wata ya ƙare na wata ya fara. Na tsinci kaina ina kallon taga. Wata akuya tana cin takarda a filin ƙwallo, ita ma a hankali take taunawa, kamar tana ji. Can a tsakiya akwai murya guda, siririya, tana hawa ta sauko ta sake hawa. Na san ta, Yaya. Na san ta yadda mutum yake sanin ƙamshin ɗakin da ya taɓa zama yana ƙarami. Amma na rasa inda na san ta, kuma abin yana ba ni haushi, don ni ba na son abin da ba shi da suna.

Inna ba ta gani ba tukuna, ko kuma ta gani ta yi kamar ba ta gani ba, wanda a wurinta duk ɗaya ne. Ka rubuto ka faɗa mini abin da zan ce wa Baffa.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Adawiyya


Ingila, 14 ga Agusta

Auta,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki. Ina gaida Baffa, ina gaida Gwaggo Badi'a da duk mutanen gida. Inna ma, idan akwai hanyar da za a gaishe ta da sunana ba ta tashi ta bar wurin ba.

Ki faɗa wa Baffa ba ɗorawa ba ce, gawo ne. Kalmomin na ɗauko su daga wani tsohon littafin masana tsirrai, irin naku, inda aka siffanta itacen da Latin: ƙayarsa, farin ɓawonsa, da yadda yake zubar da ganye a lokacin da kowane itace yake kore. Babu addu'ar kowa a ciki. Na zaɓi Latin ne don bakin mawaƙan nan ya saba da shi, kuma don ba harshen gidan kowa ba ne. Masu shi sun daɗe da mutuwa, babu wanda zai ji nauyin faɗar komai a cikinsa. Ginin kuwa tsohon coci ne, ba zan ɓoye ba. Aro muka yi, saboda murya tana daɗewa a cikinsa kafin ta ɓace. Idan suka rufe baki, sautin yakan ci gaba da yawo can sama shi kaɗai, kamar tsuntsun da ya shigo ya rasa taga. Sallata tana nan yadda Baffa ya koya mini.

Muryar da kika ce kin sani, ta Inna ce.

Kin san tun da aka yaye ni aka kai ni sashen Baffa, tunda ni ne ɗan fari. Katanga ɗaya ce tsakanina da ku. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa haɗa ido da ni ba. Idan na durƙusa gaishe ta, tukunya take amsa wa. An gaya mini tun ina ƙarami cewa kunyar ɗan fari ce, haka iyaye suka tarar. Na ji, amma yaro ba ya cin al'ada ya ƙoshi. Da aka haife ki, ina ɗan shekara tara, idan mun taso daga allo da hantsi nakan zauna a gindin katangar nan in ji tana lallashinki da waƙa. Ban taɓa jin kalmomin ba, katanga ta cinye su, karin kawai yake tsallakowa. Shi na riƙe. Shi na ba wata Baturiya mai siririyar murya, sauran duka na gina su kewaye da shi. Ta tambaye ni daga ina na samo shi, na ce daga maƙwabta.

Rabona da gida tun rasuwar Baba. Na zo ta'aziyya na zauna har aka yi sadakar bakwai, abin da na samu daga bakinta ranar da zan taho shi ne, "A gaida mutanen can." Yanzu ina da hutu da kaka. Ina son in zo, Auta, amma na gaji da shiga gidan da ban san ko ana marmarina a cikinsa ba. Ki kunna mata waƙar. Ki dubi fuskarta, ke da kika iya kallon mutane. Idan ta ce in zo, zan zo. Idan ba ta ce ba, zan bar ta ta huta.

Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Zainulabidin


Masanawa, Kabo, 22 ga Agusta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Alhaji Lukuman zuwa ga ɗana Zainulabidin. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan, alhamdu lillahi.

Bayan haka, Adawiyya ta karanta mini bayaninka. Na ji, na kuma yarda, domin ban taɓa kama ka da ƙarya ba tun kana sa hannu a kwanona. Na sanar da liman da masu unguwanni cewa itacen gawo ake yi wa waƙa. Liman ya ce babu abin da Bature ba zai yi ba idan ya ƙoshi. A nan magana ta mutu.

Sai dai ka sani, gidanmu gidan da ake yi wa waƙa ne, ba gidan da yake yi ba. Wannan ya tsaya mini a wuya, amma na haɗiye, tunda na duba bidiyon da kyau ban ga kana roƙo ba, ban kuma ga ana yi maka liƙi ba.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne sharaɗin da ka gindaya wa mahaifiyarka. Hajaratu 'yar mutunci ce. Uwarta ba ta kira sunan ɗan farinta ba har ta koma ga Allah, haka ma kakarta. Kana neman ta buɗe baki da furfurarta ta yi abin da mata za su ce ta zubar da kunya. Ɗa ba ya jiran a kira shi gidan ubansa. Ni na ce ka zo. Amma na san ba muryata kake nema ba, tawa ka sha ji har ka gaji.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare ka a ƙasar da ba taka ba. Wassalam.

Baffanka,
Lukuman


Gwarzo, 12 ga Satumba

Yaya Zainu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya ƙoƙari, ya Turawanka masu baƙaƙen kaya? Sun bi ni har cikin barcin rana. Shekaranjiya na kishingiɗa bayan azahar, sai ga su a gonar Baffa a jere cikin dawa, ana ganin kawunansu kawai, suna waƙa, Baffa yana bin kunya-kunya yana tambayar wa ya ɗauke su aiki. Na farka ina jin ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa alhali ba a yi ruwa ba.

Na cika aike. Ga rahoto, kuma kada ka zarge ni idan bai yi kama da fim ba.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Kabo, na ƙarasa a kan babur. Dawa ta rufe hanya hagu da dama, ba a ganin rufin gari sai an shige shi. Na tarar da Inna a inuwar rumbu tana tsinkar zogale, Gwaggo Badi'a a gefenta tana taya ta da baki. Ka san Gwaggo, tun da ta dawo gidan yayanta ba ta bar kowa ya kai ƙarshen zance ba. Bayan an gaisa, an tambayi makaranta da dalilin da ya sa na rame, na ce, "Inna, yayanmu ya aiko da saƙo."

Ta ce, "To."

Na ce, "Waƙa ce."

Ta ce, "To."

Na jingina wayar a jikin turmi na kunna.

Ban taɓa jin gidanmu ya yi shiru haka ba. Kaji sun ci gaba da harkarsu, amma kamar daga wata unguwa. Muryoyin mutanenka suka cika tsakar gida, suka shiga rumbu suka fito, suka zauna a kan igiyar shanya. Rana tana ratsowa ta ganyen darbejiya tana yawo a kan tabarma, har na ga kamar tabarmar ce take numfashi. Na ɗan manta aikin da ka ba ni. Da na tuna na dubi Inna. Hannunta yana cikin faranti, reshe ɗaya tsakanin yatsunta, ba ta tsinke ba, ba ta sake shi ba. Fuskar kuwa, Yaya, fuskar Inna ce. Da ana iya karanta ta da tuni na yi digiri na biyu a kanta.

Da siririyar muryar nan ta shigo, sai Gwaggo ta dafe ƙirji. "La ilaha illallahu! Hajaratu, wannan ba waƙarki ba ce? Wallahi ita ce! Sun dai ja ta kamar danƙo, amma ita ce."

Inna ta ce, "Ke dai Badi'a."

Gwaggo ta juyo kaina. "Ke Auta, kin san wuyar da kika sha a kan waƙar nan? Kina barcinki lafiya lau, da an ji 'yan allo sun taso, sai uwarki ta sungume ki ta kai ki gindin katangar can, ta ɗan mintsine ki ki farka ki tsala kuka, sannan ta hau lallashi da murya kamar mai tallar fura. Ran nan na ce, Hajaratu, wai jaririyar nan kurma ce? Ashe ba ke ake yi wa ba, 'yar nan. Duk gidan nan an sani. Baffanku ma ya sani, shi ya sa shekarar da aka yi yaɓe ya hana a ƙara wa katangar tsawo."

Inna ta ce, "Badi'a, bakinki ya fi ƙofar gari faɗi." Ta ɗauki farantinta ta shige ɗaki. Turawanka suka ci gaba da yi wa turmi waƙa har suka gama.

To ka ji. Shekara talatin ina yawo da taƙamar ni ce 'yar lelen Inna, wadda ake yi wa waƙa. Ashe lasifika ce ni. Har da mintsini. Na duba cinyata ko da tabo, in kai ƙara gaban dagaci. A hanyar dawowa na yi ta dariya a bayan babur har mai babur ya tambaya ko lafiya. Can gaba kuma na ga bakin mayafina ya jiƙe, na ce masa yayyafi ne. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ci gaba da tuƙinsa, Allah ya yi masa albarka.

Amma kai ka ce in faɗa maka abin da ta ce, ni kuma malamar kimiyya ce, ba na ƙara gishiri. Kafin in taho na bi ta ɗaki na ce, "Inna, yana tambaya ko ya zo da kaka." Ta ba ni baya tana gyara kwanukan jere da babu abin da ya same su. Sannan ta ce, "Mutanen nan da suke ta wage baki, ana ba su abinci kuwa?"

Na ce ana ba su.

Ta ce, "To madalla."

Iyakar abin ke nan. Ba ta ce ka zo ba, ba ta ce kada ka zo ba. Sai da na saɓa jaka ta ce in sa mata "abin nan" a katin wayarta, wai Badi'a ce take so.

Ka huta lafiya, ka kuma san ina binka bashin barcin jarirai.

Ƙanwarka,
Adawiyya


Ingila, 19 ga Satumba

Auta,

Salam, da fatan kina lafiya. Na gode. A cikin jirgin ƙasa na karanta wasiƙarki, na wuce tashata ban sani ba, sai da na ga teku ta taga. Na sauka na zauna a benci ina kallon ruwa har sanyi ya kore ni. Ki yafe mini mintsinin.

Amma kin gani, har yanzu ta bayan katanga ne. Na kusa shekara arba'in. Ina son sau ɗaya a ce mini "zo" ba sai na kasa kunne a jikin bango ba. Wataƙila zaman nan ya ɓata ni, kamar yadda Baffa yake gani bai dai faɗa ba. Hutun yana nan. Ban sayi tikiti ba.

Ki gaida kowa.

Yayanki,
Zainulabidin


Gwarzo, 10 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. Wannan gajeriya ce, jarrabawar yara tana jirana.

Jiya Inna ta aiko a kira ni, abin da ba ta taɓa yi ba sai ana rashin lafiya. Na tafi a tsorace. Na tarar da ita ras, tsaye a ƙofar ɗakin nan da ke manne da nata, wanda ake tara buhunan wake. An kwashe buhunan. An shafe bango da farar ƙasa, ko bushewa bai gama yi ba. Ga sabuwar tabarma, ga buta, ga gidan sauro a ɗaure, ga katifa ko ledarta ba a cire ba. Ƙamshin turaren wuta ya riga ni shiga.

Na ce, "Inna, baƙo za a yi?"

Ta ce, "Ba baƙo ba ne."

Ta shiga ta ƙura wa katifar ido, ta auna ta daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ke da kika yi karatu, wannan za ta ishi dogon mutum?"

Na ce za ta isa, sai dai ƙafa ta ɗan leƙo.

Ta ce, "A sa matashi a ƙarshen." Ta gyara bakin tabarmar da ƙafa. Sannan, tana kallon buta, ta ce, "Ki faɗa wa yayanku an yi sabon gero. Fura ba ta jiran mutum."

Na ce, "Inna, shi fa so yake ki faɗa da bakinki."

Ta juyo ta dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda aka kashe wa kuɗin makaranta a banza. Ta ce, "To da bakin wa na faɗa yanzu?"

Ban san ko wannan ya kai "zo" a ma'aunin can wajenku ba. Ni dai na rubuta maka yadda aka faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Sauran naka ne.

Ta riga ni fita ta nufi madafa, ba ta waiwayo ba ta ce, "Ja ƙofar da kyau, kada kaji su shiga."

Na ja ƙofar har ta kama, na ɗauki jakata na kama hanyar Gwarzo.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Adawiyya